The Thorn Birds: littafin za a karanta, ko wasan talabijin za a kalla?

Labarin Fada Ralph de Bricassart da Meggie Cleary ya fito ta hanya uku. Akwai littafin The Thorn Birds da marubuciyar Ostareliya Colleen McCullough ta fitar a 1977, wanda aka sayar da kwafinsa sama da miliyan 30. Akwai wasan talabijin mai kashi 4 da tashar ABC ta Amurka ta nuna a 1983. Sai wani ƙari da aka yi a 1996 mai suna The Missing Years. Littafin ya haura shafi 500 da Turanci, wasan kuwa yana cin kusan awa 8, kuma ba kowa ke da sararin haɗa su duka ba. Sunayen mutanen iri ɗaya ne, amma abin da ya dami marubuciyar daban, abin da ya dami masu shirya wasan daban. Su masu wasan sun ba da labarin limamin da so ya kama. Ita kuwa McCullough ta rubuta tarihin mata uku, kaka da uwa da jika, da yadda kowace ta gaji ciwon wadda ta haife ta. Ba yadda za a gwada su ba tare da an taɓa ƙarshen labarin ba, don haka wanda ba ya son a ɓata masa ya sani tun daga nan.

A littafin, cikin 1921 wani talakan ma'aikacin gona mai suna Paddy Cleary ya kwaso iyalinsa daga Niyu Zilan zuwa Drogheda, wani makeken gandun kiwon tumaki mai faɗin eka 250,000 a jihar New South Wales. Gandun na yayarsa ne, Mary Carson, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar ta da dukiya babu magaji. Fada Ralph ne ya tarbe su a tashar jirgin ƙasa ta Gillanbone. Mutumin Ailan ne, ɗan shekara 28, kyakkyawa, mai kaifin basira, wanda aka cillo wannan lungu don ya yi wa wani bishop rashin kunya. Meggie ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yan Paddy, kuma lokacin ba ta cika shekara 10 ba.

Wanda ya tashi yana ganin liman da matansa da 'ya'yansa, ko fasto da iyalinsa a harabar coci, sai ya riƙe abu ɗaya kafin ya shiga labarin. A ɓangaren Latin na cocin Katolika, wanda mafi yawan Katolikan duniya ke bi, har da na Najeriya, Fada ba ya aure. Tun taron Lateran na biyu a 1139 aka zartar cewa auren da limami ya ƙulla bai ƙullu ba. Wasu cocin Katolika na Gabas, irin Maroniyawan Labanan, suna naɗa mai aure limami, amma Ralph ba cikinsu yake ba. Hanya biyu ce gabansa: ya tuɓe rigar ya auri Meggie a matsayin kowa, ko ya riƙe rigar ya yi ta hawa har ya zama Kadinal, muƙamin manyan limaman da ke zaɓen Fafaroma, irin wanda John Onaiyekan na Abuja ya samu a 2012. Taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa Ralph ya ƙi furzar da ko ɗaya har ƙarshen ransa.

Inda wasan ya fi ƙarfi shi ne kashin farko, kuma Barbara Stanwyck ce dalili. Tana da shekara 75 ta fito a Mary Carson, tsohuwar da ita ma Ralph take so, so irin na mace da namiji, kuma ta san yana ƙyamar tsufanta. Akwai wurin da ta tsaya da shi bayan walimar zagayowar ranar haihuwarta, cikin farar riga, ta roƙe shi abin da ta san ba zai ba ta ba, sannan ta gaya masa cewa a cikin wannan tsohon jiki har yanzu yarinya ce, tana ji, tana so, tana mafarki. Muryarta na rawa amma wuyanta a miƙe, ta juya ta rufe ƙofa. A daren ta mutu. Na karanta wannan wuri a littafin, kuma an rubuta shi da kyau, amma takarda ba ta iya abin da fuskar matar nan ta yi ba. Ta ci kyautar Emmy da ta Golden Globe a kansa, alhali a kashi ɗaya kacal ta fito cikin huɗu.

Abin da ta bari a bayanta shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya. Tana da tsohuwar wasiyya a wurin lauyanta wadda ta bar wa Paddy kusan komai. Sai ta rubuta sabuwa a ɓoye, ta bar wa cocin Katolika dukiyarta ta fam miliyan 13, bisa sharaɗin Ralph ne zai riƙa juya ta. Ta miƙa masa takardar hannu da hannu, ta haɗa da wasiƙa tana gaya masa cewa lauya bai san da ita ba, in ya ga dama ya jefa ta wuta. In ya ƙone ta, iyalin Cleary sun yi arziki, shi kuma ya ci gaba da zama Fadan ƙauye kusa da Meggie. In ya fito da ita, Roma za ta san sunansa. Ya fito da ita.

A nan ne hanyoyin biyu suka fara rabuwa. A talabijin abin da mai kallo ke gani shi ne Richard Chamberlain, wanda ya fito a Ralph, cikin baƙar riga, idonsa cike da hawaye, kiɗan Henry Mancini na ratsa zuciya a ƙarƙashi, sai tausayi ya kama mutum kamar Ralph ne aka zalunta. Littafin bai yi masa wannan sassauci ba. McCullough ta shigar da mu cikin kansa, mun ji yana lissafi, mun ga cewa bai gama karanta wasiƙar ba ya riga ya san abin da zai yi, kuma shi da bakinsa ya kwatanta kansa da Yahuza Iskariyoti da ya sayar da ubangidansa a kan azurfa 30. Ta kuma ajiye gawar Mary Carson a ɗaki cikin zafin bazara, ƙudaje sun rufe ta, tana ruɓewa tun ba a kai ta kabari ba, sannan ta sa Ralph ya shiga ya yi mata addu'ar ƙarshe a haka. Mai karatu ba ya fita daga wannan babi yana ganin Ralph a matsayin wanda ƙaddara ta faɗa wa. Mutum ne da aka ba zaɓi ya zaɓa, kuma ya sake zaɓar abu ɗaya duk lokacin da aka sake ba shi.

Wannan bambanci ya fi komai nauyi a wurina. Chamberlain ɗan wasa ne na gaske, ya riga ya yi suna a Dr. Kildare da Shogun, kuma ya ci Golden Globe a wannan rawa. Amma fuskarsa mai laushi ce, mai sa a yafe masa. Shekararsa 48 lokacin da aka nuna wasan, ga shi yana fitowa a saurayi ɗan 28 tare da ƙaramar yarinya, Sydney Penny, wadda ta fito a Meggie tana ƙarama. Mai kallo na yau, musamman mai 'ya'ya mata, zai ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro idan ya tuna cewa wannan yarinya da yake rarrashi ita ce za ta zama masoyiyarsa. A cikin labarin babu abin da ya shiga tsakaninsu sai da ta girma, amma tazarar shekara 18 tana nan, kuma shi ne ya raine ta da hankalinsa. Wasan ya lulluɓe wannan da kiɗa da furanni. Littafin ya nuna dalilin da ya sa yarinyar ta maƙale masa: uwarta ba ta kallonta. Har lokacin da Meggie ta fara al'ada, babu wanda ya taɓa yi mata bayani, ta yi wata da watanni tana ɓoyewa tana zaton mutuwa za ta yi, sai Fada ne ya gano ya gaya mata abin da uwa ya kamata ta gaya mata. Wanda ya karanta wannan zai gane cewa son da take masa daga maraici ya tsiro, maraicin yarinyar da iyayenta ke raye.

Tushen wannan maraici yana cikin kashin farko na littafin, wanda wasan ya yanke ɗungurungum ya fara daga Ostareliya. Littafin ya buɗe ne ranar 8 ga Disamba 1915, ranar da Meggie ta cika shekara 4 a Niyu Zilan. An saya mata 'yar tsana, abin da gidan bai taɓa iya saya ba, ta raɗa mata suna Agnes. Kafin rana ta faɗi yayyenta maza sun fizge ta sun yayyaga mata riga, sai babban wansu Frank ya baro maƙera ya ƙwato mata. A makarantar sistoci an ɗaure mata hannun hagu a baya don ta koyi rubutu da dama. Ta yi ƙawa ɗaya tak, 'yar Italiyawa, sai aka ga kwarkwata a kanta, aka aske mata gashi, aka raba su. A gefe kuma ga uwar, Fee, tana wanki da girki daga asuba zuwa dare ba ta dariya, ba ta kuka, ba ta rungumar kowa sai Frank. Daga baya ake gane cewa 'yar babban gida ce, ta haifi Frank da wani ɗan siyasa mai aure, danginta suka aurar da ita ga ma'aikacin gona don su rufe abin kunya. Ta zauna da Paddy shekaru tana ganin ba ta sonsa, sai ranar da gobarar daji ta cinye shi ta gane tana sonsa. Jean Simmons da Richard Kiley sun riƙe Fee da Paddy da kyau ƙwarai, dukansu sun ci Emmy, amma an ba su ɗan fili ne a gefen soyayyar Fada. A littafin Fee tana da kashi guda da sunanta, daga 1938 zuwa 1953, cikin kashi 7 da aka raba shi.

Da zarar an san labarin Fee, abin da Meggie ta yi daga baya yana canza kama. Ta auri Luke O'Neill, mai askin tumaki, don yana kama da Ralph. Ya kai ta arewacin Queensland, ya karɓe kuɗinta, ya sa ta aikatau a gidan wasu mata da miji masu kirki, shi ya tafi yankan rake. Ta haifi Justine. Sai Ralph ya same ta a tsibirin Matlock inda ta je hutawa, a nan ya karya alkawarinsa na ƙin kusantar mace, ta samu cikin Dane, ta koma wurin Luke dare ɗaya don ta rufe asiri, sannan ta tattara ta koma Drogheda. Tana ganin ta ƙwaci abin da coci ba zai iya karɓewa ba. Uwarta ce ta dube ta ta ce ta san ɗan waye tun ranar da aka haife shi, kuma ita ma haka ta yi zato game da Frank, ga shi ta rasa shi. Meggie ta fifita Dane a kan Justine kamar yadda aka fifita Frank a kanta. Dane ya girma ya ce shi Fada zai zama, aka naɗa shi a Roma, bai daɗe ba ya mutu a teku a tsibirin Karita na Girka bayan ya ceto wasu mata biyu.

Wannan mutuwa ba ƙirƙira ce kawai ba. Ƙanen McCullough ya nutse a Karita a 1965 yana ƙoƙarin ceton mutane. Mahaifinta mai yankan rake ne, mahaifiyarta kuma 'yar Niyu Zilan ce mai jinin Maori, kamar yadda Fee take da shi. McCullough ta rubuta littafin ne tana aikin binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Yale ta Amurka, nesa da gida, kuma ana jin wannan kewa a yadda take siffanta ƙasar: baƙar ƙasa shimfiɗe iya ganinka, fari na shekaru, ƙura, ƙudaje, rumfar aski da ƙarar almakashi, rijiyoyin burtsatse da ke fitar da ruwan zafi. Wasan bai taka Ostareliya ba. An gina gidan Drogheda a Simi Valley ta Kalifoniya, wuri mai tuddai, aka ɗauki Queensland a tsibirin Kauai na Hawai. Cikin manyan 'yan wasan Bryan Brown, wanda ya fito a Luke, shi kaɗai ne ɗan Ostareliya, sauran kowa da irin Turancinsa. Rachel Ward da ta fito a Meggie 'yar Ingila ce. (Ita da Brown a wurin ɗaukar wasan suka haɗu, suka yi aure a 1983.) Tana da kyau, kuma ta dace da Meggie budurwa, amma da aka zo shekarun tsufa furfurar da aka shafa mata ba ta rufe ƙuruciyarta ba, kuma a wuraren da ake buƙatar ɗacin macen da rayuwa ta gasa, muryarta ba ta kai ba. McCullough ba ta ɓoye ƙin wannan wasa ba har ta rasu a 2015.

Duk da haka wasan ya yi abin da littafin ya kasa: ya san inda zai tsaya. Bayan Dane ya girma littafin ya yi nauyi. An daɗe a Landan tare da Justine tana wasan dandamali, an daɗe a kan ja-in-jarta da Bajamushe Rainer Hartheim, ga dogayen wasiƙu, har bayan mutuwar Ralph labarin ya ci gaba zuwa 1969. Na fahimci dalilin, domin Justine ce ta fasa gadon nan, ita ce ta karɓi son mutumin da yake nata. Amma mai karatu da yawa zai riƙa tsallake shafuka. Carmen Culver da ta rubuta wasan ta datse. Ta cire tagwayen ƙannen Meggie da suka je Yaƙin Duniya na Biyu. Frank, wanda a littafin ya fito daga kurkuku bayan kusan shekara 30 ya dawo gida a karye, a wasan can ya mutu. Ta kuma tattara ƙarshen wuri guda a Drogheda, inda Ralph, wanda ya riga ya zama Kadinal, ya ji cewa yaron da ya binne ɗansa ne, ya mutu a hannun Meggie. Kuma Christopher Plummer a matsayin Vittorio, babban limamin Italiya da ya ɗauki Ralph ɗan gida, ya ƙara wa wasan daraja. Da ɗan murmushi da ɗaga gira yake nuna cewa ya san komai tun kafin a gaya masa.

Akwai tambayar da Kirista mai karatu zai yi, Musulmi ma ya kamata ya yi: shin cin mutuncin coci ne? An fara nuna wasan ranar 27 ga Maris 1983, wato Lahadin da ke buɗe Mako Mai Tsarki kafin Ista, kuma hukumar Katolika ta Amurka ta nuna ɓacin ranta a kan zaɓen wannan lokaci. Ina ganin suna da hujja. Jama'a dai sun kalla, har ya zama na biyu a yawan masu kallo cikin irin waɗannan wasanni, bayan Roots, wanda David Wolper da Stan Margulies ne ma suka shirya su duka biyun. Amma babu ɗaya cikin littafin da wasan da ya yi wa imani ba'a. Dane shi ne limamin da Ralph ya so ya zama bai zama ba, yaro mai tsarkin zuciya wanda ba ya neman muƙami. Laifin da ake tuhumar Ralph da shi girman kai ne da son ɗaukaka, kuma littafin ya fi fito da wannan fili. Kada kuma wani ya kalli wasan nan ya ɗauka ya san rayuwar Fadan da ke unguwarsu. Labarin mutum ɗaya ne da aka ƙaga.

Ta fuskar kunya, duka biyun ba na yara ba ne. Wasan yana da wurare, musamman na tsibirin Matlock a kashi na uku, da ba a kallo a falo tare da 'ya'ya ko gaban surukai. Littafin ya fi shi buɗe baki nesa ba kusa ba, musamman a kan daren auren Meggie da Luke, wanda aka rubuta shi da zafi da rashin tausayi da gangan. Ta fuskar harshe kuma wasan ya fi sauƙi, ana magana a hankali, kuma in an samu mai rubutu a ƙasa ba abin da zai wuce mutum. Littafin yana da kalmomin makiyaya da masu aski na Ostareliya, amma jimlolinsa a miƙe suke, wanda ya saba karanta labaran Turanci ba zai sha wuya ba.

The Missing Years kuwa, a bar shi. Tashar CBS ce ta nuna shi, Chamberlain ya dawo, Amanda Donohoe ta maye gurbin Rachel Ward, kuma a wannan karon a Ostareliya aka ɗauka. An ƙago rikicin riƙon Dane tsakanin Meggie da Luke a lokacin yaƙi, abin da babu shi a littafin, kuma ya ci karo da abin da wasan 1983 ya riga ya kafa. Sai dai wanda ya gama na farkon yana jin bai ƙoshi da Chamberlain ba.

Wanda soyayyar yake nema, ko karatun Turanci mai tsawo ke gajiyar da shi, ko yana da dare huɗu kawai, ya kalli wasan 1983, ba zai yi da-na-sani ba, Stanwyck kaɗai ta biya lokacinsa. Ya dai tuna cewa an yi wa Ralph kwalliya. Wanda kuwa yake son sanin abin da ya sa uwa ke juya wa 'yarta baya, da yadda 'yar ke girma ta maimaita, littafin ne nasa, kuma kada ya tsallake shekarun Niyu Zilan don ɗokin ganin Fada. Mai niyyar haɗa duka biyun ya fara da littafin. In ya fara da wasan, fuskar Chamberlain za ta bi shi cikin kowane shafi, zai riƙa nema wa Ralph uzuri a wuraren da marubuciyar ba ta ba shi ko ɗaya ba.